Amanar Lulu da Marjan

Ranar da muka dawo ƙasa mai tsarki daga Kano, ƙarshen hutun zafi na shekarar 2014, ko ruwa ban sha ba na matsa wa Baba sai ya kai ni unguwar Nakkasa. Shekaruna goma sha ɗaya, kuma wata biyu ke nan rabona da Lulu da Marjan. Da gudu na haye matattakalar unguwar, ina haki, har gidan Khala Asabe, ƙanwar mahaifiyata.

Lulu da Marjan degu ne, wasu 'yan dabbobi masu kama da kurege, haƙoransu ruwan lemo. Wani abokin aikin Baba ne ya bar mini su da zai koma ƙasarsu, ya kuma koya mini kiwonsu. A gidanmu na unguwar Zahir, kafin in tafi makaranta sai na zuba musu busasshiyar ciyawa, na canja ruwa, na ajiye musu kwanon rairayi su yi birgima a ciki, don shi ne wankansu. Abu biyu mutumin ya ja mini kunne a kai: kada a ɗaga su ta wutsiya, kada su ɗanɗani zaƙi, domin ciwon suga yake sa musu, ido ya tafi. Da tafiya ta tashi, Samira na bar wa su, 'yar Khala Asabe, wadda muka taso muna ci a kwano ɗaya. Na rubuta mata komai a takarda. Ta dafa ƙirji ta ce, "Amana ce, wallahi."

A bayan ƙofar kicin na tarar da kejinsu. Wutsiyar Marjan ta guntule. Lulu kuwa idanunta sun yi fari fat. Da na kira ta, ta nufo muryata sai ta yi karo da ƙarfe. Samira ta ce ita ma haka ta wayi gari ta gan su, har da hawayenta. Na yarda, na rungume ta muka yi kuka tare.

Bayan la'asar Khala ta miƙo mini wayarta, ta kunna wani bidiyo don ta lallashe ni. "Duba ki ga gatan da suka sha, Hauwa 'yata." A bidiyon, Samira ce cikin ƙawayenta tana tura wa Lulu dabino ɗaya bayan ɗaya, wata kuma ta ɗaga Marjan ta wutsiya yana wutsil-wutsil. Sai ga muryar Samira cikin dariya: "Wai Hauwa ta ce kada a ba su. Ɓeraye ne fa!" Na ɗago na dubi Samira, ta sunkuyar da kai. Na rungumi kejin na sauka.

Lulu ta ƙara shekara biyu a makance, ban sake gusar da komai a kejinta ba don kada hanyar ruwa ta ɓace mata. Yau an rushe yawancin layin su Khala, Samira tana aure a Jidda. Muna haɗuwa ran Salla, mu tambayi lafiyar yara, mu sha shayi. Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba. Wani lokaci nakan yi kewarta, alhali tana zaune kusa da ni.