Sunan Mai Jigo

Kafin mahaifina ya rasu ya bar mini wasiyya guda ɗaya: in Allah ya ba ni ɗa namiji, in sa masa sunan Mai Jigo, kakan shi mahaifin nawa. Na ce to. Ban tambayi ainihin sunan ba, saboda a wautata na ɗauka kowa a gidanmu ya sani. Sai da matata Zaituna ta haifi namiji ranar wata Talata na fara tambaya, na tarar kowa laƙabin kawai ya sani. Ga rago a ɗaure, kuma dole in samo sunan kafin Talata ta zagayo.

Baffana Gwadabe na fara samu. Ya yi ta shafa gemu, ya ce ko Garba ne, ko kuwa Sule. Na ce Baffa, ai ba canki-canka muke yi ba. Ya jawo wata tsohuwar adaka, muka zaro takardar rabon gado da aka rubuta da ajami. Gara ta ci takardar, kuma don neman magana daga wurin sunan ta fara. Abin da ta bar mana shi ne "manomi, mazaunin Ƙofar Na'isa".

Daga nan aka tura ni Gwale wurin Malam Ɗantani, wani tsoho da gonar ubansa ta yi iyaka da ta Mai Jigo. A bakinsa na fara jin labarin mutumin a jere.

A ƙafa ya shigo Kano, wata shekara da ruwa ya ƙi zuwa a ƙauyensu, daga shi sai fartanya da jaki ɗaya. A lokacin cikin ganuwa ba duk gidaje ba ne. Daga ƙarshen unguwa zuwa gindin badala fili ne, ƙaya da tumfafiya. Mai unguwa ya nuna masa wani yanki ya ce ga shi nan, in zai iya. 'Yan birni suka yi ta dariya. Bai kula su ba. Ya yi sassabe, ya haƙa rijiya, ya kafa jigo, wato dogon itace mai guga a baki da curin laka a gindi, yana ɗebo ruwa yana kwarara wa shuka. Ya riƙa bin gidaje yana kwashe musu toka da kashin awaki a mangala. Su suna ganin sun sami bawan Allah mai share musu gida, shi kuwa taki yake tarawa. Shekara uku aka wayi gari albasarsa da alayyafonsa ake ci da rani a unguwar. Masu dariyar nan su ne suka dawo neman fili kusa da shi, har da uban Malam Ɗantani. Ba shi da yawan magana, ba ya zama a majalisa, kuma gab da samun mulkin kai ya rasu, da laka a ƙafarsa.

Na ce to Baba, sunansa fa? Ya dube ni kamar na yi tambayar banza, ya ce Mai Jigo mana.

Saura mutum ɗaya, kakata Hajiya 'Yardada, matar Mikail ɗan Mai Jigo. Ta haura tasa'in. Shekara goma ta yi tana dama wa Mai Jigo fura a gida ɗaya, don haka ta sani sarai. Amma surukinta ne, kuma macen zamaninsu ba ta kama sunan suruki. Ranar Juma'a na durƙusa na roƙe ta. Ta ce, "Ni? Da bakina? Tashi ka ba ni wuri, mara kunya." Na ce ta raɗa mini a kunne, ta juya mini baya ta ci gaba da jan carbi. Wallahi raina ya ɓaci. Mutum ya fi shekara sittin a ƙasa, ana jin kunyarsa, sunansa kuwa na shirin binta kabari.

Ran Lahadi ina ta mita a ɗakin mai jego, Zaituna ta ce in daina yawon banza. Ita ma ba ta taɓa kama sunan mahaifina ba, don haka ta san hanyar. Ta ce maimakon in tambayi Hajiya abin da za ta faɗa, in duba sunan da ba ta taɓa faɗa ba. Ta tuna mini yayanta Yusuf da ya zo barka. Hajiya ta kira kowa da sunansa, shi kuwa Maitama ta ce masa, laƙabin masu sunan Yusuf, kuma haka take ce masa tun ranar aurenmu. Na zauna na yi ta lissafa Yusufan unguwarmu. Kaf ɗinsu babu wanda na taɓa ji ta kira da sunansa.

Na koma na durƙusa na ce, "Hajiya, Yusufu zan sa wa yaron."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai na ji tana kuka. Ta ce an taɓa sa sunan sau ɗaya, wa ɗanta na fari, wanda kwana arba'in kawai ya yi a duniya. Tun daga nan mutanen gidan suka daina ambatarsa don tausayinta, har na baya suka tashi ba su sani ba. Kunya ta kama ni a kan fushin da na yi.

Ran Talata da safe aka raɗa suna. Gonar kam tuni magada suka yanka ta, gidajen bulo ne yanzu a wurin, da shagon cajin waya daidai inda rijiyar take. Da aka kai wa Hajiya jaririn, sai da ta gyara ɗaurin ɗankwali ta rufe kafaɗa kafin ta karɓe shi. Ba ta kalli fuskarsa kai tsaye ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Gonar dai ba mu riƙe ta ba. Ka yi haƙuri."