Benen da ya cinye gonar Baba

Shekarun baya, lokacin kaina na hayaƙi, abokina ya zo har ƙauyenmu a wajen Bagwai da labarin wani gida a cikin birnin Kano. Tsohon gida ne aka gyara, aka ɗora masa bene, ɗaki-ɗaki na haya. Ya ce, "Kai dai ka saya ka miƙe ƙafa. Har yaushe za ka yi ta kallon sama kana jiran hadari?"

Ba ni da abin sayarwa sai gonar da Baba ya bar mana, ni da mahaifiyata. Da na tuntuɓe ta, ta daɗe tana tsince wake kafin ta ce, "Gona dai ba ta guduwa. Amma ka girma, Allah ya sa alheri." Na sayar, na saya. Har sabuwar hula na sa, wai ni mai gidan haya a birni.

Ashe tagogin benen duk cikin gidajen maƙwabta suke kallo. A cikin birni gida jikin gida yake, wanda ya tsaya a sama yana hango matan mutane a tsakar gida, har makewayi. Wanda ya gyara gidan ya san da rigimar, shi ya sa ya yi saurin rabuwa da shi. Ni kuwa ranar da na je gani, fenti da tayil na tsaya shafawa, ko taga ɗaya ban leƙa ba.

Masu haya na tarewa aka kira ni zauren mai unguwa. Wani dattijo ya ce, "Malam, in iyalinka ne a ƙasa, za ka yarda?" Na ba su haƙuri. Na kawo magini ya toshe tagogin da bulo. Ɗakunan suka koma kamar rumbu, ba iska ba haske. Bazara na kamawa kowa ya kwashe komatsansa. Ƙarshe a wulaƙance na sayar da gidan, abin da na samu ko kusa bai isa ya dawo da gonar ba.

Har yau abin bai sake ni ba. Wanda ya sayi gonar mutumin kirki ne, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo. Duk kaka sai ya aiko wa mahaifiyata damin dawa cikin zakkarsa. Takan yi godiya, ta murza zangarniya a tafin hannu, ta ce, "Wannan ta gindin ɗorawa ce, inda Babanka yakan huta a da." Ba ta taɓa zargina ba. Da yamma ta tuƙa tuwon ta turo min, ni kuwa in zauna ina kallon kwanon har ya huce.