Yadda Aka Yi Mini Ban Ruwa a Jiratawa

Wautata ita ce bakina ya fi kaina sauri. Muna zaune a ƙofar shagon Alhaji Lawali a Sabon Gari, yana cewa yana son ya saya wa masu kai masa kaya bisa moto rigunan fata saboda damina, sai na ji bakina ya ce babu fatar da ta kai ta jar akuyar Maraɗi riƙe ruwa, kuma abokina Nomau, baduku a Tsibiri, ya ɗinka riga da irinta. Ni kuwa ban taɓa sa rigar fata ba, iyakata da fata takalmi da buzun salla. Na dai san Nomau ya daɗe bai samu aikin kirki ba, tun da takalman roba suka cika kasuwa.

Alhaji ya miƙo mini riguna biyu, ɗaya baƙa mai ƙyalli ta gwanjo, ɗaya ta fatar tunkiya mai laushi kamar kunnen jariri.

"To, Isuhu, tun da kai ne masani, ka karɓo ta abokinka ka haɗa uku ka shiga ruwa da su. Ka sa farar riga a ciki ta zama shaida. Jibi zan tahi Kano. In tashi ta ci, shi zai ɗinka mini duka. In ba ta ci ba, in sayo dilar gwanjo a can."

Maraɗi zuwa Tsibiri

Washegari ana sallame asuba Habu ya iso da motonsa. Ƙanen matata ne, ɗan kabu-kabu, magidanci mai furfura a gemu, amma har yau bai koyi ganin girmana ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, na ji daɗi. Na sa ta gwanjon tun daga gida don kada ruwa ya riske ni ban shirya ba.

Ba mu kai rabin hanya ba hadarin ya watse, rana ta fito. A shingen jandarmomi wani dogo ya dube ni, gumi na bin wuyana.

"Baba, zazzaɓi kake?"

"Gwaji nake, ɗana."

Habu ya ce, "Ku ƙyale shi, mushe jandarma, a gida ma haka muke fama."

Suka ɗaga mana igiya suna dariya.

Tsibiri

Mun iske Nomau a zaurensa, ya dama fura yana jiranmu, don tun jiya na aika masa saƙo kan aikin Alhaji. Ya fito da rigar daga buhu. Ja ce, ta fi sauran biyun kauri, tana warin bagaruwar jima da man kaɗe. Ya ce kwana da kwanaki yana shafa mata man da kakin zuma, domin fatar akuya ƙofofinta matsattsu ne, in ta sha mai ruwa sai dai ya gangara.

"Amma ka ji, Bakatsine," ya ce, "in ta jiƙe kar ka kai ta rana ko bakin wuta. Na san halinka. Za ta bushe ta koma kilishi."

"Bagobiri, ni za ka koya wa fata?"

"Wa ya koya maka, in je in gaishe shi?"

Ya rako mu bakin hanya yana ta gyara mata wuya a hannuna. Da muka yi nisa na waiwaya, yana nan tsaye.

Neman ruwa

Hadari ya sake haɗowa, wannan karon ta kudu. Na ce Habu ya bi shi. Muka ratsa Maraɗi ba mu tsaya ba sai don ƙara wa moto esans. Mutane na ta kwashe shanya suna gudu, mu muna gudu mu tarbi abin da suke gudu. Wani mai amalanke ya ce mana yanzun nan aka ɗauke a gaba. Muka isa gaban, ƙasa jiƙe, sama wayam. Ɗigo uku na samu a goshi, ɗaya ma ina zargin tsuntsu ne.

Habu ya ce, "Yaya, ruwan ga ya gane ka."

Jiratawa

Azahar ta same mu cikin gonakin Jiratawa. Muka yi salla, muka ci kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a gindin wata itaciyar bedi. Ina cikin tunanin abin da zan gaya wa Alhaji sai na ji ƙugin injin ban ruwa. Wani dattijo, Malam Illa, yana riƙe da tiyo mai kaurin cinyata yana shayar da zogalensa. Na je na gaishe shi na faɗa masa buƙatata.

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Kai za a ba ruwa?"

"Ni."

"To tsaya cikin kwamin shuka, kar a yi asararsa."

Na tsaya tsakiyar zogale a matsayin shuka. Ya toshe bakin tiyo da hannu ya ɗaga shi sama, ruwa ya riƙa zubo mini kamar na tsakiyar damina. Matan da ke tsinkar ganye suka ajiye kwanduna suka zauna kallo.

Da ta gwanjo aka fara. Ruwa bai kama jikinta ba ko kaɗan, har na ji tsoro. Amma ya bi zif ɗin gaba ya sauka mini a cibiya, kuma da Habu ya murza hannunta sai ƙyallin ya ɓare, ga tsumma a ƙasa. Ashe leda ce aka yi wa kwalliya. Ta tunkiya kuwa ba ta yi gardama ba, ta sha ta ƙoshi kamar soso, ta yi nauyi ta manne mini a baya. Wata tsohuwa ta ce a cire mini kafin ta tuna ita tunkiya ce ta fara kuka.

Na goge jiki, na sa farar rigar shaida, na ɗora ta Nomau. Wannan kuwa ba tawa ba ce, abincin gidan mutum ne. Malam Illa ya saki ruwa. Na sunkuya ina kallon ƙirjina, ruwa na dunƙulewa yana gangarewa kamar a bayan agwagwa. Ya daɗe yana zubawa har hannunsa ya gaji, ya sauya. Launinta ya ɗan yi duhu, amma ciki a bushe. Ina shirin yin kirari sai na ji wani sanyi siriri a kafaɗar hagu. Ɗinki ne ya ba da hanya. Na leƙa, ga tabo ja a farar riga, faɗin tafin hannu.

Na kira Nomau a wayar Habu. Ya ce wurin ya manta bai cusa wa kaki ba, abu ne na ɗan lokaci, sauran ba zai manta ba. Na yarda da shi, don tun muna samari na san ɗinkinsa.

Komawa gida

Muka yi wa Malam Illa godiya, ya ƙara mana da damin zogale, ya ce duk randa na ji ƙishi in dawo. A hanya Habu ya ce in juya farar rigar, gaba ta koma baya. Na ce tabo ba ya gudu don an juya riga. Mun shigo Maraɗi bayan la'asar lafiya, godiya ga Allah, da Habu da bai kayar da ni ba duk da dariyar da yake yi bisa kwalta.

Alhaji na ƙofar shago. Na zube masa ta gwanjo da ɓararren hannunta, da ta tunkiya tana ɗiga. Sannan na cire ta Nomau, na dafe kafaɗata ta hagu kamar mai gaisuwar ban girma, na juya masa gaba, na juya masa baya. Ya shafa farar rigar a ƙirji, ya ɗaga jar fatar ya shinshina, ya auna nauyinta a hannu.

"Ka ce wa Nomau ya zo gobe da sassafe kafin in tahi mu yi magana, ya fara yanka fata."

Na yi godiya da hannu ɗaya, na kama hanya ina tafiya a karkace. Na kusa shan kwana ya ɗaga murya.

"Isuhu, in kafaɗar ta daina ciwo, ka ce mashi ya ƙara mata kaki."