Laifinsa Kawai An Sake Shi

Shekarun baya, lokacin ina da 'yar rumfar tsire a unguwar Nuzla ta Jidda, akwai wani abokina da muke aiki tare. Mutumin wani ƙauye ne a kan iyakar Nijar da Mali. Umra ya zo ya maƙale, ba iƙama ta izinin zama, ba kafili mai tsaya masa. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna can gida, kuma masu bindiga da ke kiran kansu 'yan jihadi sun mamaye yankinsu. Duk wayar da ta shigo masa sai ya yi addu'a kafin ya ɗauka.

Sai ga labari sojojin Turawa sun sauka a can. Muka gani a talabijin, jama'a na ɗaga musu tuta ana guɗa. Ni da aka haifa a Jidda, ban taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a fim, nan take na zama masanin yaƙi. Ina fifita wuta ina yi wa masu sayen nama bayani: jirage ne fa, wata guda halas, shi ke nan an share su.

Abokina ya ce zai miƙa kansa a yi masa tarhil, hukuma ta mayar da shi gida. Kowa a nan ya san abin da hakan ke nufi. Da zarar an ɗauki hoton yatsunka, ƙofar dawowa ta rufe.

Ya zo gidanmu sallama. Mahaifiyata ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce, "Ɗana, baƙo raɓa ne, sojojin nan za su tafi. Ka tura iyalinka wani wuri, ko Yamai ce, ka ci gaba da nemanka tukuna."

Ya ce, "Inna, na gaji. Ɗana na biyu bai san fuskata ba."

Na ce, "Yalla, ya akhi, tafi abinka. Sojojin duniya ne ke gadin garinku."

Ya tafi. Da farko muryarsa a waya sai dariya. Ya kafa tukubarsa a kasuwa, har yana tsokanata wai yajinsa ya fi nawa. Sannu a hankali dariyar ta ragu. Ya ce sojojin suna da sansani nesa da gari, su shigo da motoci da hantsi, kafin la'asar sun koma. Masu bindigar kuwa ba inda suka je, jira kawai suke ƙura ta lafa.

Wata rana nakiya ta tashi da motar sojojin a hanyar kasuwa. Suka zo suka kwashe mazan da suka samu. Shi ga gemu, ga Larabci, ga zaman Saudiyya, ai shi suka fi tsarewa da tambaya. Da suka ga ba shi da komai, suka sake shi, har da kawo shi bakin gari a motarsu. Wasu da aka kama tare da shi ba su dawo ba.

Ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ɗan'uwa, da sun riƙe ni da ya fi. A nan duk wanda aka saki, cewa ake ya yi magana. Ko gaisuwata ba a amsawa a masallaci." Sannan ya ce, "Babu wata hanyar da zan dawo?"

Na ce zan bincika. Ni da shi duk mun san babu.

Ba mu sake magana ba. Matarsa ce ta kira daga sansanin gudun hijira, ta ce mutane a kan babura sun zo sun tafi da shi yana tsakar hura gawayi. Daga baya sojojin ma suka naɗe kayansu suka koma ƙasarsu.

Ban ce ba su zo da niyyar taimako ba, kuma ban manta su wa suka ɗauke shi ba. Amma yanzu in ana shan shayi aka fara cewa a tura sojoji ƙasa kaza su gama da 'yan ta'adda, abin da nake tambaya ɗaya ne: in motocin suka koma sansani, wa zai kwana da mutanen garin? Abin yana ci mini rai har gobe.

Matar tana kiran mahaifiyata lokaci-lokaci. Kwanaki na ji ta tana tambaya, "Inna, ba gawa, ba labari. In yi takaba ne, ko in jira?"

Mahaifiyata, wadda ba a taɓa ƙure ta da tambaya ba, ta riƙe wayar tana kuka.