Wanda Ya Tsaya a Ƙasa

Ni ne ɗan fari a gidanmu a Sanyinna, saboda haka a ɗakin kakata Inna Tumba na tashi. Bayan sallar isha'i takan tura kara cikin murhu, mu zagaye ta muna gasa gyaɗa. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya yi shiru. Akwai guda ɗaya da ƙannena suke roƙo kullum, ni kuwa har yau idan na tuna ta sai raina ya sosu.

Wai an yi yunwa a wani gari, ba abin da ya rage sai 'ya'yan wata doguwar giginya da ba mai iya hawa. Sai 'yan'uwa uku suka fito. Babban ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, na tsakiya ya taka kafaɗarsa, auta ya haye bisa su duka ya kakkaɓo 'ya'yan. Gari ya ci ya ƙoshi. Aka ɗaga auta sama ana guɗa, aka ba shi doki da sarauta. Shi ke nan, wai labari ya ƙare.

Wata rana na kasa haƙuri, na tambaye ta abin da aka ba babban.

"Kai dai maigida ka cika ƙorafi," in ji ta. "Mi za a ba shi? Wuya nai ya yi ciwo kwana biyu, yaw warke."

Ƙannena suka yi ta dariya. Na kwashe gyaɗata na fita.

Ina aji uku na sakandare ciwon baya ya kwantar da Baba. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son karatu. Aka dai miƙo mini fartanya. Geron da na noma shi ya kai ƙanena Sani jami'a, shi ya kai Auta har ya zama injiniya. Ban yi baƙin ciki da su ba, jinina ne. Abin da ke ƙona ni shi ne ranar sunan ɗan Auta, da na ji yana gaya wa abokan aikinsa wai Yaya dama can bai da kan boko. Ni da nake koya masa lissafi da tsinke a ƙasa.

Da daɗewa na ɗauka Inna Tumba son kai take yi wa auta. Sai daga baya na tuna ita ma 'yar fari ce, ƙanne bakwai ta goya. Ba koya mana adalci take yi ba, abin da ta gani take faɗa.

Bara babbar ɗiyata Hadiza ta samu gurbin karatun jinya a Sakkwato. Gwaggonninta suka zo wai ta dakata tukuna ta taimaki uwarta da yara, ƙannenta sa yi karatun. Na bar su suka gama. Da safe na ɗaure akwatinta a bayan babur, na kai ta tashar Tambuwal da kaina.