Karatun Gulma

Mahaifina ne ya raɗa wa karatuna suna, kuma har yau dangi ba su daina kiransa haka ba. Na dawo Gaya hutu daga jami'a a Yamai, a shekarar da aka rufe gadar da ke kaiwa Benin, sai ya zaunar da ni a zaure ya ce in faɗa masa, da Hausa, mene ne sosiyoloji.

Na ce, "Baba, ilimin zamantakewa ne. Ana duba yadda mutane suke zama da juna, wa ke cin abinci da wa, wa ke jin maganar wa, me ke haɗa su, me ke raba su."

Ya ce, "Uwata, ai wannan gulma ce. Matan unguwa suna yinta kyauta, ke kuma kin tafi Yamai neman takardarta."

Sunan mahaifiyarsa nake ɗauke da shi, shi ya sa yake ce mini uwata, ko da zai yanke mini hukunci. Hukuncin kuwa shi ne ba zan koma ba. Zan zauna in shirya jarrabawar shiga duwan, wato kwastan, aikin da ɗan Gaya ya san amfaninsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban yi kuka ba, don na san abin da nake karantawa ba shirme ba ne.

Na roƙe shi ya saurari asalin abin. Na ce a ƙasar Turai ne, da masana'antu suka zo, manoma suka bar ƙauyukansu suka cika birane, aka wayi gari maƙwabci bai san maƙwabci ba, sarakunan da ake tsoro kuma an tuɓe wasu. Sai masana suka fara tambaya: to yanzu me zai riƙe mutane? Daga wannan tambaya karatun ya fito, wani Bafaranshe ya sa masa suna. Na ƙara da cewa tun kafin su, wani malami Musulmi a arewacin Afirka ya yi rubutu a kan abin da ke ɗaure jama'a wuri guda. Wannan ya ɗan sa shi gyara zama, amma da na gama sai ya ce, "Allah Ya jiƙan malam. Duwan dai."

Lokacin manyan motoci sun yi layi tun daga bakin gada har bayan gari, ciki har da na Baba. Direbobi daga ƙasashe daban-daban sun zauna wata da watanni a inuwar kamiyonsu. Inna tana sayar musu da tuwo, ni kuma ina zuba miya. Abin da malamanmu suke faɗa game da biranen Turai sai ga shi a gabana: baƙin da ba su san juna ba sun naɗa shugaba, sun fitar da liman, sun tsara wanda zai ɗebo ruwa. Ina zuba miya ina kallo, kuma ba na jin kunyar cewa kallon ya yi mini daɗi.

Akwai wani direba dogo, mai shiru, motarsa da lambar Benin. Wata safiya aka tarar ya rasu a kan tabarmarsa. Wayarsa a kulle take. Mai motar, da aka samu ta waya a Kwatano can kudancin Benin, ya ce laƙabinsa kawai ya sani, kuma a tashar jirgin ruwa ya ɗauke shi aiki. Da yake Baba dattijo ne a cikin masu motoci, a kansa maganar ta faɗa. Rana tana ɗagawa, gawa ba ta jira, kowa kuma yana buga waya kudu yana neman dangin mutumin da kowa ya ɗauka ɗan can ne. Liman ya ce in an kai la'asar ba a samu kowa ba, za a rufe shi a matsayin baƙo.

Na sami Baba a gefen rumfar Inna na durƙusa. Na ce, "Baba, ku daina neman kudu. Mutumin nan Ba'are ne, cikin Arawan yankinmu."

Ya dube ni. "Ya gaya miki?"

"Bai taɓa ce mini komai ba sai 'ƙara yaji'. Amma kullum in Bafillatanar nan mai nono ta zo, sai ya ƙwace mata ludayi, ita kuma ta ce masa bawanta ya ji yunwa. Ɗan bakin teku ba ya yi wa Bafillatana haka ta yi dariya. Wasan Arawa da Fulani ne. Kuma ran kasuwa yakan wuce masu daddawa duka, sai ya je wurin wata tsohuwa ƴar Karakara, garin Arawa, ya tuɓe takalmi kafin ya gaishe ta."

Nan take Baba ya miƙe. Ya hau babur ya nufi kasuwa, aka nuna masa gidan da tsohuwar take sauka. Da ya kwatanta mata mutumin, sai ta dafe kai. Ƙawar mahaifiyar mamacin ce, tare suka yi ƴanmatanci. Ya bar gida da daɗewa bayan wani saɓani da yayyensa, ya roƙe ta kada ta ce ta gan shi sai ya shirya komawa da kansa.

Kafin la'asar yayyensa biyu suka iso daga Karakara, su suka yi masa wanka. Mahaifiyar ta aiko cewa a kawo mata shi, aka sa shi a motar wani ɗan garinmu. Ina daga rumfa na ga direbobin sun miƙe tsaye layi guda har motar ta ɓace. Na yi baƙin ciki don bai koma da ƙafarsa ba, kuma na ji daɗi don bai kwanta cikin baƙi ba.

Baba bai sake tayar da maganar duwan ba, ni ma ban tambaya ba. Ranar da hutu ya ƙare, da kansa ya ɗauki jakata zuwa tasha, abin da bai taɓa yi wa kowa a gidanmu ba. Wani abokinsa ya tare mu ya ce, "Alhaji, har yanzu karatun gulmar ne?"

Baba ya ɗora jakar a mota ya ce, "Shi ne. Gulmar da ta kai wa uwa gawar ɗanta, a bar ta ta je ta ƙaro."