Mma Humu, wadda ba ta taɓa roƙa wa kanta ba

Idan ka bi ta Akwatialine, unguwarmu a Zongo, da safe, za ka tarar da Mma Humu zaune a kan 'yar kujerarta, tukunyar koko a gaba, ludayi a hannu. Tana zuba maka tana tambaya. Yaya ƙafar tsohuwarka? Famfon layinku ya dawo? Wa ya haihu, wa mai gida ya tasa daga ɗakin haya? Kafin ka shanye kokon ta san abin da ke damun gidanku da na maƙwabtanku. In rana ta ɗaga sai ta kife tukunya, ta yafa mayafi, ta shiga lunguna. Tun ina saurayi haka na san ta, ga shi yau gemuna ya yi fari.

Da kokon take ci. Aikinta na gaske, wanda babu albashi a cikinsa, shi ne shugabancin kwamitin unguwa, kuma a watan nan ta ajiye shi saboda gwiwoyi sun ce sun gaji. Ga wanda bai san aikin ba: duk shekara hukumar birni kan tattara buƙatun unguwanni ta aika Ankara, babban birnin ƙasarmu, wajen gwamnati da 'yan majalisa, cewa ga ayyukan da muke so a ba da kuɗinsu, ga dokokin da muke so a duba mana. Abin da ke zuwa ba ya isar kowa. Wanda aka sa a gaba shi ke da rabo, na baya kuwa sai wata shekara, in da rai. Saboda haka duk rigimar a kan abu ɗaya take: me za a fara?

Gidan Mma Humu yana can ƙasan gangare, inda ruwan unguwa duka yake haɗuwa in an yi ruwan sama. Kwatar layin ta rushe tun mijinta na da rai. Ɗanta Latif, da ke aiki a Tamale, ya rantse cewa in ruwa ya sake shiga ɗakinta zai zo da mota ya ɗauke ta, ko tana so ko ba ta so. Ita kuwa a nan aka yanke cibiyarta, a nan aka binne mijinta, kuma ta sha faɗa mini cewa in aka raba ta da Zongo an gama da ita. Duk da haka, tsawon shekarun da ta yi tana jan taron buƙatu, kwatar layinta ba ta taɓa hawa gaba ba.

Dalili kuwa ƙa'idar da ita ta kafa da bakinta. Kafin ita, taronmu kasuwa ne. Alhazai na son a gina babbar ƙofa mai rubutu a mashigar unguwa, samari na son filin ƙwallo, kowa na jan kwalta zuwa bakin gidansa. A yi ta hayaniya har a kira sallah, a watse babu abin da aka tsayar. Ranar da ta fara jan taron, sai ta ce, "An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne. Amma maƙwabci shi ya san ko yoyon ya kai a tara masa jama'a. Daga yau duk wanda ya miƙe, kada ya faɗi buƙatar gidansa ko ta layinsa. Ya faɗi ta wani."

Aka yi dariya, wasu suka ce tsohuwa ta zo da sabon salo. Amma ka ga, mutum ba ya roƙa wa wani abin da bai gani ba. Dole sai ya taka. Alhajin da bai taɓa shiga bayan kasuwa ba ya naɗe babbar rigarsa ya bi ta, ya ga layin da mata ke yi a bakin banɗaki ɗaya tilo, ya dawo bai ƙara maganar ƙofa ba. Zumunci a ƙafa yake, ita kuwa ta nuna mana cewa adalci ma haka ne.

Na ga abin da ƙa'idar nan ta haifar da idona. Wata shekara Maame Adwoa, 'yar ƙabilar Asante mai sayar da busasshen kifi, wadda ta tsufa a cikinmu, ta miƙe a taro. Da Hausarta ta Zongo ta ce, "Yaran Safia maƙwabciyata, a gabana aka haife su, ni na ɗora ruwan wankansu. Amma in sun je neman takardar ɗan ƙasa, sai a dubi sunansu a ce su kawo shaidar inda kakansu ya fito. Ni ba a taɓa tambayar nawa haka ba. Ku gaya wa ɗan majalisa a gyara dokar ta fito fili." Safia na zaune a gefe, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ita ce ta faɗa, da an ce kukan kanta take yi. A shekarar, maganar ta tafi Ankara a sahun gaba. Har yau tana can tana tafiyar hawainiya, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ta shiga zauren da ba ta taɓa shiga ba.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Muniru, makaniki a garejojin Suame Magazine kuma jagoran samarinmu, ya sha kaye a kan filin ƙwallonsa. Ɗakin haihuwa ya wuce shi, banɗaki ya wuce shi. Ya taɓa tsayawa a gaban tukunyarta yana huci ya ce, "Mma, kin mai da mu 'yan kallo a unguwarmu." Ta ce, "Ɗana, ni ban hana ka ba. Samo wanda zai roƙar maka." Ya yi fushi ya daina shan kokonta damina guda. Ita kuwa kullum sai ta aika wa mahaifiyarsa nata da zafinsa.

Mma, a nan zan juyo gare ki, don ina da ƙorafi. Ke ce uwar marasa murya, na yarda. Ke ce kika koya mana mu dubi bayan katangar juna. Amma sau nawa wani ya buɗe baki zai ambaci layinki, kika tare shi da "akwai waɗanda suka fi ni"? Kin ce ba zai yi kyau mai jan taro ta ga kwatarta a gaba ba, kada a ce ta shirya. Sauran mutanen layinki 'yan haya ne, yau suna nan gobe sun tashi, ba sa zuwa taro. Kika bar kanki ba mai roƙa miki, kika hana a roƙa. Wallahi abin ya sha ƙona mini rai, kuma saboda shi ne nake ƙara ƙaunarki.

A farkon daminar bana aka wayi gari bayan ruwa mai ƙarfi, babu tukunya a bakin layi. Muniru ya zo wucewa zai hau motar haya ta troturo, ya ga wurin wayam, ya gangara. Ya same ta tsaye cikin ruwa har ƙauri, tana kwalfewa da ƙwarya, tabarmar sallarta na yawo a tsakar ɗaki. Abin da ta fara ce masa shi ne, "Don Allah kada Latif ya ji." Ranar bai je aiki ba.

Taron bana shi ne na ƙarshe da ta ja. Kuma ga ikon Allah, tsofaffin mata ne suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna roƙa wa samari fili, don sun gaji da ganinsu suna ƙwallo a titi tsakanin motoci. Filin ya hau gaba, babu mai ja. Ana shirin addu'a sai Muniru ya miƙe. Ya ce, "Iyayenmu, mun gode, Allah ya saka. Amma na yi magana da samari. Fili ya jira. Ni kwatar gangare nake roƙa, ta layin Mma Humu."

Ta ɗaga hannu za ta tare shi kamar yadda ta saba. Ya ce, "Mma, ba gidana ba ne, ba layina ba ne. Na je na gani da idona. Wace ƙa'ida na karya?"

Ta sauke hannunta. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Hannuwan masu goyon baya suka tashi har da na alhazai, har da na Maame Adwoa.

Yanzu kwatar gangare ita ce ta farko a abin da unguwarmu ta miƙa wa birni. Kuɗin bai zo ba tukuna, kuma mun san hanyar Ankara tana da tsawo. Latif ya ji labari, ya ce zai dakata ya gani. Samari ba su jira gwamnati ba, sun kwashe sharar da ta toshe hanyar ruwan, sun ɗaga mata dokin ƙofa da siminti.

Mma Humu, mun gode. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya bar ki a Zongonki, ya sa ki taka sabuwar kwatar da ƙafarki. Ku kuma masu karatu, a kowace unguwa kuke, in an tambaye ku me za a fara, ku leƙa bayan gidan wani kafin ku amsa. Ku fara da gidan wanda ya fi kowa yin shiru.

Shekaranjiya na je gaishe ta. Na tarar an ɗora ƙafafun gadonta a kan bulo. Na ce mata ta kwantar da hankali, aiki na tafe in Allah ya so. Ta kama hannuna ta ce, "Malam, in sun zo, ka ce su fara daga wajen 'yan hayan can na ƙasa, akwai mai jego a ɗakin. Ni gadona yana da tsawo, zai kai wata damina."